Maki 4 Cikin 20: Saƙo Ga Bawana Bazazzagi

Bawana Bazazzagi, ga gaisuwa irin ta ubangida, wadda ake yi daga zaune. Ya mutanen cikin ganuwa? Ya fate? Ina fatan tsaki bai yi tsada ba bana, don na san ranar da mudun tsaki ya fi ƙarfin talaka, ranar ce Zazzau kaf za ta shiga azumin nafila.

Shekaranjiya da daddare ka kira ni kana huci, har na ɗauka gobara ce ta tashi a Tudun Wada. Ashe 'yata ce ta wajenka, ta aji biyu a babbar sakandare, aka ba aikin gida a darasin insha'i: ta cika shafi ɗaya da rabi a kan ma'anar kunya. Kai kuma da yake ka fito daga garin da kowa malami ne, har mai sayar da rake a tasha, sai ka karɓe takardar, ka ce ta je ta kwanta, Baba zai gama komai. Ka raba dare kana rubutu, da safe ta kwafe da hannunta ta kai. Takarda ta dawo da maki 4 cikin 20, jan biro ya yi mata ado kamar ƙafar amarya ranar ƙunshi. Kana ta rantse-rantse wai malamin Bakano ne, hassada ce kawai. To na tambayi uwargida, ta ce cibiyar malamin a cikin ganuwarku aka binne ta. Iyakarta dai a Kano ya yi karatu, shi ya sa ya warke.

Uwargidan, Allah ya saka mata da alheri, ta turo min hoton takardar ta waya ba da saninka ba. Na karanta sau uku, sau biyu ina dariya, na ukun ina tausayin yarinyar. Ga yadda ka buɗe: “Masana da dama sun tofa albarkacin bakinsu a kan kunya.” Malam ya ja layi, ya rubuta a gefe: “Su wa?” Tambayar da ya kamata a yi wa rabin ɗaliban ƙasar nan ke nan. Wannan jimla ta zama kamar tabarmar aro, duk mai biki sai ya shimfiɗa ta, kuma ba a taɓa ganin fuskar masanan nan masu yawan tofi ba. In kana da masani, kira sunansa, ka faɗi abin da ya ce. In ba ka da shi, tofa naka, yawun ai ba na haya ba ne.

Jimla ta biyu ita ce ta kashe ni: “Kunya shi ne jin kunya.” Kalmomi biyar, laifi biyu. Malam ya zagaye “shi” da jan biro har takardar ta huje. Ban ga laifinka sosai a nan ba, gado ne. Ku ne mutanen da za su ce “matana ya dawo daga kasuwa”, baƙo ya rasa ko mace ake nufi ko ɗan haya. A bakinku mota namiji, riga namiji, rana ma da take fitowa kowa ya gan ta kun ɗaura mata rawani. Abin mamaki, a garinku aka yi ta buga daidaitacciyar Hausa shekara da shekaru. A nan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, a nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, a nan Abubakar Imam ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce. Sai dai shi ma baƙo ne, haifaffen Kagara, Katsina ta rene shi. Kun zama kamar mai tallar turare da mura ta kama, kaya a kanku, ƙanshi a hancin wasu.

Laifi na biyu ya fi na farko girma, kuma shi ne dalilin wannan saƙo. An tambaye ka mece ce kunya, ka amsa da kunya. Tamkar baƙo ne ya tsaya a Ƙofar Doka ya ce ina ne gidan Sarki, ka ce masa yana nan inda gidan Sarki yake. Ka yi magana, ba ka yi ƙarya ba, kuma mutum yana nan tsaye inda ka same shi. Duk ma'anar da ta ƙunshi kalmar da ake son fassarawa, zagayen jakin niƙa ce. Daga nan ka cika sauran shafin da cewa kunya abu ne mai kyau, kunya ta yi ƙaranci a wannan zamani, 'yan mata sun lalace da waya, iyaye su ji tsoron Allah. Wa'azi ne mai ratsa jiki, da a kan mumbari ka yi shi da an yi kabbara. Amma an ce ka nuna mana dokin, kai kuma ka tsaya kana yi masa kirari, har ka gama ba mu san ko fari ne ko akawal ba.

Abin da ya fi ba ni haushi, wannan ilimi a zaurukanku yake kwance, ba sai an je makarantar boko ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin fiƙihu ya ji yadda ake buɗe babi: a lugga kaza, a isɗilahi kaza. Ɗauki azumi. A lugga kamewa ne kawai. A shari'a kuwa kamewa ne daga ci da sha da kusantar iyali, tun daga ketowar alfijir har faɗuwar rana, tare da niyya. Duba yadda kowace gaɓa take aiki. Cire niyya, sai matafiyin da ya wuni bai sami abinci ba ya shigo cikin masu azumi. Cire lokaci, sai mai barcin dare ma ya ce a ba shi lada. Kowace kalma tana tsare wata kafa, babu wadda aka sa don ado.

Malaman mantiƙi suna kiran irin wannan ma'ana haddi, wato iyaka. Shehin da ya rubuta Ahalari, littafin da kai da ni muka sha bulala a kansa, Abdurrahman al-Ahdari mutumin Aljeriya da ya rayu a ƙarni na 16, shi ne kuma ya tsara Sullam a fannin mantiƙi, wanda manyan ɗalibai suke karantawa. A wannan fanni sharaɗin ma'ana shi ne ta tattaro duk 'yan gida, ta kuma hana baƙo shiga. Ganuwa ke nan. Ku da kuke cika baki da ganuwar da ake jingina wa Amina, ai ku ya kamata ku koya wa duniya wannan. Ganuwar da ta bar rabin gari a waje ba ta yi aiki ba, wadda kuma ta haɗo har da dajin kuraye ita ma ba ta yi ba.

Ginin yana da tubali biyu. Na farko jinsi, wato babban gidan da abin yake ciki. Na biyu abin da ya raba shi da 'yan uwansa na cikin gidan. Ka ga inda ƙaddara ta same ka: aikin da jinsi ake fara shi, kai kuwa tun kakanni ba ku ga maciji da jinsi.

Bari in sauko da abin daidai fahimtarka. Mene ne fate? In ka ce abinci ne, ka faɗi jinsi, amma gurasarmu ta Jakara ta shigo, kuma ba za ta yarda a haɗa ta gida ɗaya da fate ba. In ka ce abinci ne da ake yi da tsaki da ganye, dambu ya shigo, shi ma da tsaki da zogale ake turara shi. In ka ƙara cewa mai ruwa-ruwa ne, dambu ya fita, madalla. Sai dai kalmar tsaki ta rufe wa faten wake da faten doya da faten dankali ƙofa, suna waje suna sallama. Dole ka rushe ka sake gini: abinci ne mai ruwa-ruwa da ake dafa shi haɗe da kayan miyarsa a tukunya ɗaya. Yanzu 'yan gida sun shiga, tuwo da miya sun tsaya a waje don tukunyarsu biyu, dafa-duka ta tsaya don ba ta da ruwa. Ka ga abin da kake sha safe da yamma tun kana goye, sai da Bakano ya zo ya gaya maka ko mene ne.

Kada ka ji kunya, in ma ka gano mece ce. Manya sun faɗa wannan rami kafin kai. Ana ba da labarin Aflatun na ƙasar Girka, wai ya ce mutum dabba ne mai ƙafa biyu marar gashin tsuntsu, almajirai suka yi ta jinjina. Sai wani tsohon tsokana mai suna Diyojinis ya fige kaza tas, ya shigo da ita makarantar, ya ce ga mutumin malam nan na kawo. Dole aka ƙara wa ma'anar cewa mai faffaɗan farce. Duk wanda zai rubuta ma'ana, ya fara fige kazarsa da kansa kafin mai jan biro ya fige masa.

To mu dawo kan kunya, in yi maka aikin da ka kasa, kyauta, abin da ba a saba gani ba daga Bakano. Jinsinta: ɗabi'a ce. Abin da ya raba ta da sauran ɗabi'u: tana hana mutum faɗa ko aikata abin da zai zubar masa da mutunci, ko ya zubar da na wanda yake ganin girmansa, ko da babu wani hukunci da yake jiransa. Wannan gaɓa ta ƙarshe ita ce take korar tsoro. Ɓarawon da ya kama katanga ya ji haushin kare ya saki, ba kunya ce ta sauko da shi ba. Amma matashin da yake zuba surutu a majalisa, ya hango surukinsa tafe ya haɗiye sauran maganar, ya zame takalmi ya durƙusa, surukin nan ba duka zai yi ba, ba tara zai ci shi ba. Abin da ya rufe bakin yaron nan shi muke nema.

Sai maƙwabta, don ba a sanin iyakar gona sai an san gonar wa take gabas, ta wa take yamma. Kunya tana da maƙwabta na kusa da har akan ɗauke su 'yan ɗaki ɗaya. Akwai kara: ɗanki da ɗan kishiya sun yi faɗa, kin san naki ne da gaskiya, amma shi kika tsawata wa. Kin bar haƙƙinki don ganin idon wani. Akwai kawaici: ka ga akuyar maƙwabci tana cin dangarka, ka kau da kai kamar ba ka gani ba, don zaman tare. Akwai jin nauyi, wanda yake tafiya daga ƙasa zuwa sama, yaro ga babba, almajiri ga malami. Kunya kuwa har daga sama takan gangaro, shi ya sa uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, wata ma ko wasa ba ta yi da shi a gaban mutane. Da ka ba kowane ɗaya daga cikin waɗannan sakin layi guda, da shafi ɗaya da rabi ya yi maka kaɗan.

Bayan haka sai ka gaya wa mai karatu cewa kalmar fuska uku gare ta, ka kuma zaɓi wadda kake magana a kai. Akwai kunyar da take zuwa kafin aiki ta hana shi, ita ce ake yabo, ita ce addini ya lissafa cikin rassan imani, ita Fulani suke kira semteende suka sa ta cikin ginshiƙan pulaaku. Akwai wadda take zuwa bayan aiki, ta wanda asirinsa ya tonu, wadda ake sha kamar magani, irin wadda ka sha da takardar nan ta dawo. Akwai kuma ta yaron da yake ɓuya bayan zanen uwarsa in an yi baƙi, wadda girma yake warkarwa. Kai ka zuba ukun a tukunya ɗaya ka dama. Hannunka ya riga ya saba da fate.

Insha'i mai kyau kuma ba ya tsoron nuna inda abin yabo yake zama aibi. Mara lafiyar da ta je gaban likita ta kasa faɗin inda yake mata ciwo, ɗalibin da bai gane ba ya ƙi ɗaga hannu, mai bin bashin da ya kasa tambayar kuɗinsa har ya koma shi ne mai roƙo, duk kunya ce ta cuce su. Hausawa ba su bar wannan ba, sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sun ce kunyar mara kunya asara ce. Ka lura, karin magana a nan ya zo, bayan an kafa ma'ana, yana ba da shaida. Kai kuwa ka jera guda shida a gabatarwa kamar 'yan rakiyar amarya, amaryar kuma ba a taho da ita ba.

Wani abin da zai ƙona maka rai: Baturen da ya sha ruwan Kubanni ya yi irin wannan aiki da kalmar Hausa, ya kuma yi shi da kyau. Kirk-Greene, wanda ya koyar a makarantar horon ma'aikata ta Kongo, ya gabatar da lacca a kan ma'anar mutumin kirki a wurin Bahaushe, aka buga ta a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1974. Bai ce mutumin kirki shi ne mai kirki ba. Ya warware kirkin zuwa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Har yau ɗaliban Hausa a jami'o'i suna kafa hujja da shi, wasu suna yi masa gyara, kuma gyaran ma yabo ne, don ba a gyara ginin da ba a yi ba. Baƙo ya zo garinku ya sha ruwa ya ƙoshi, ɗan gari yana bakin rafi da ƙishirwa.

Ka ce min a waya ai ka duba ƙamus. Na yarda, ƙamus mafari ne mai kyau, tun daga na Bargery na 1934 har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, wanda mu muka rubuta a Kano, ku kuka buga a maɗaba'ar jami'arku, kowa da aikin da ya dace da shi. Amma ƙamus layi ɗaya ko biyu yake ba kalma ya wuce, yana da dubban baƙi da zai sallama. Malamin insha'i yana son ya ga abin da ɗalibi zai ɗora a kai: misali daga gidansu, bambanci da maƙwabtan kalma, wurin da ma'anar ta yi rauni. Da kwafe ƙamus ne aikin, da injin hoto ne zai zo na ɗaya a aji.

Na san me kake shirin cewa, don na san bawana. Za ka ce Jami'ar Bayero da nake taƙama da ita a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta fara, sai a 1977 ta zama cikakkiyar jami'a. Gaskiya ne, kuma ɗa ya fi ubansa ai addu'ar kowane uba ce. Za ka kuma ce a ba Bakano kalmar gaskiya ya fassara a gani. Nan kam ka kama ni. A Kantin Kwari gaskiya ita ce kuɗin da mai shago ya faɗa bayan rantsuwa ta uku, kuma ko ita akan rage mata wani abu in mai saye ya juya zai tafi. An ce ranar da jaridarku ta fara shigowa Kano tana shelar gaskiya ta fi kwabo, tambayar da muka fara yi ita ce, ta fi shi da nawa? Ka ga mu ma muna da kalmomin da in aka ba mu a insha'i, 4 ɗin nan taka sai ta zama abin sha'awa.

Saura tambaya ɗaya, wadda na san masu karatu suna yi: wannan tonon silili da nake yi maka a jarida, ba rashin kunya ba ne? Mu auna da ma'anar da muka gina. Na zubar maka da mutunci? Da surukina na yi wa rabin wannan, da yanzu dangi suna zaune a kaina. Amma tsakanin Bakano da Bazazzagi, kamar tsakanin Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarbawa, ko taubasai 'ya'yan wa da ƙanwa, magabata sun bar ƙofa a jikin ganuwar, suka ce ta nan a shiga a fita ba laifi, kuma wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Ranar da na gaishe ka da ladabi na sunkuyar da kai, ranar ce za ka san wani abu ya lalace tsakaninmu. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun kai wannan wasa har hukumar UNESCO, ta sa shi cikin kayan gadon ɗan Adam a 2014. Saboda haka ka daina cewa za ka kai ni ƙara, lasisina na duniya ne.

Ga hukunci. Malam ya yi adalci, har ma ya yi kara, don ni da 2 zan ba ka, ɗaya na kyawun rubutun 'yata, ɗaya na kuɗin takarda. Uwargida ta ce an ba yarinyar dama ta sake aikin. Don Allah ka ajiye biro. Ka bar ta ta je wurin kakarta ta tambaye ta me ya sa har yau ba ta taɓa kiran sunanka ba, kai ɗan farinta, ta rubuta amsar da bakinta, ta gwada ta da ɓarawon katanga da yaron bayan zane, ta ga wa ya shiga wa ya fita. Abin da za ta samu, ko 12 ne, nata ne, kuma zai bi ta har zauren jarrabawa inda Baba ba ya shiga.

Kai kuma ga naka aikin gida: shafi ɗaya a kan ma'anar Bakano, ta tattaro mu duka, ta hana baƙo shiga, kuma kada kalmar kuɗi ta fito a ciki. Ka aiko kafin watan cika-ciki, ka haɗo da kuɗin sharata na bana da na bara da ba ka biya ba. Jan birona yana nan na saya sabo.